Ƙusar da Hoton Khan-baba Ya Bari

Rasht,
21 ga Farwardin, watan farko na shekara.

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Dadash Hushang,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya lau, kai da uwargidanka Mahbube Khanum, da ɗanku Ardashir, da 'yar autarku Nilufar. Allah Ya sa sabuwar shekarar nan ta shigo muku da alheri, Ya kare ku daga ciwo da sanyin Hamburg ɗin nan da kake ta kuka da shi shekara goma sha bakwai amma ka ƙi barinsa. Saƙonka ya iso tun kafin Noruz, bikin sabuwar shekara, magungunan da rigar sanyin duka, mun gode, Allah Ya ƙara buɗi. Rigar ta yi wa mahaifinmu Aga-jan yawa, sai dai ba laifin rigar ba ne, zan zo ga wannan maganar.

Mu nan gida alhamdulillahi. Maigidana Kiyumars yana nan yana fama da gwiwarsa, likita ya hana shi hawan bene, shi kuma ya hana kansa jin maganar likita. 'Yata Mahtab ta gama jarrabawa, tana zaune tana jiran sakamako tana cinye mini tafarnuwar da na jiƙa a tsami tun shekara bakwai. Ruwa kuwa ka san garinmu, yau kwana tara bai ɗauke ba, wanki ma a ɗaki muke shanya shi. Lemon tsakar gida ya yi fure, ƙamshi har bakin titi, amma bana ko hannu ban kai masa ba. Ranar Noruz da ka bugo waya ka tambaye ni jikin Aga-jan, na ce maka da sauƙi. Ƙarya na yi maka, Dadash. Minti uku ne, rabinsu ya tafi a kina ji na, ina jin ka, ga baƙi cike da ɗaki sun zuba mini ido. Abin da zan faɗa maka ba na waya ba ne, kuma ni na yi shi da hannuna, don haka ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka fara faɗa.

Ka san tun rasuwar Maman hankalin Aga-jan yake zamewa, amma ba ka ga inda abin ya kai ba. Shekara biyu ke nan mahaifinmu bai kira sunana ba. Khanum yake ce mini, wato Malama, kamar wata baƙuwa da ta zo taimako. In na kai masa shayi sai ya yunƙura zai miƙe, ya dafa ƙirji, ya ce na sha wahala, Allah Ya yi wa 'ya'yana albarka. Kiyumars kuwa a matsayin mai gyaran famfo ya ɗauke shi, kullum sai ya tambaye shi ko aikin ya ƙare. Fuska ɗaya tak ta rage masa a duniya, fuskar kakansa Khan-baba da ke rataye a ɗakin baƙi. Kowace safiya bayan salla sai ya gyara hularsa, ya tafi a hankali ya tsaya gaban hoton, ya yi sallama, ya ba shi labarin ruwa da farashin shinkafa na shekara arba'in da suka wuce, ya ɗan saurara kamar ana ba shi amsa, sannan ya juyo ya ce to, a kawo kalaci. In bai yi wannan gaisuwar ba, ba ya cin komai. Da wannan hoton nake ciyar da mahaifinka, ka riƙe wannan a ranka.

Ban sani ba ko kana tuna labarin hoton kamar yadda kakarmu Bibi take ba mu shi, ni dai na haddace. Khan-baba, Mirza Lutfullah Khan, gwamna ne a wani ƙaramin yanki can kudu, annoba ta ɗauke shi ɗansa yana goye, matarsa ta bi shi kafin shekara, aka dawo da maraya nan wurin dangin uwa. Maraya ya girma bai san fuskar ubansa ba, ya auri Bibi. Wata rana Bibi tana amarya ta je gaisuwa gidan wani alƙali, aka nuna mata wani babban kundi da aka ɗinke tsofaffin fitowar mujallar nan ta zamanin sarakuna a ciki, mai hotunan ministoci da gwamnoni da jakadu, irin waɗanda ake zanawa a kan dutse da tawada mai maiƙo a danna takarda a kai. Bibi karatunta bai wuce Alƙur'ani da sunaye ba, amma ta ga sunan surukinta da manyan baƙaƙe a saman wani shafi. Ta roƙa har aka bar mata, ta ciro almakashinta na ɗinki ta yanke takardar, ta juya ta ga fuska. Ta kawo wa mijinta ubansa a cikin mayafinta, ya yi kuka kamar yaro. Ita da kanta ta dama gam ta liƙa takardar a kan kwali, gefen rubutu a ƙasa, aka yi mata firam.

Kuma kai ne ka ci ribar wannan hoto, kada ka ce ka manta. Duk Noruz sai goggonninmu su tsayar da kai a ƙarƙashinsa, su yi ta duba hanci, duba gira, duba tsayi, wannan ai Khan-baba ne ya dawo. Kai kuma ka ɗaga haɓa kana hura hanci kamar an naɗa ka. Ni kuwa da kunnuwana masu faɗi da fatar idona ta hagu da ta ɗan sauko, sai a ce wannan 'yar ko a ina aka tsinto ta, a bushe da dariya. Aga-jan ma haka kamanninsa suke, amma shi sai a ce dangin Bibi ya ɗauko. Da ka fara gashin baki har murɗa shi kake yi irin na hoton, kana ce mini in matsa daga gaban jikan gwamna. Wasa ne, na sani. Ashe ni ban ɗauke shi wasa ba, sai bana na gane.

Sati uku kafin Noruz muna sharar ƙarshen shekara, an fitar da darduma, an wanke tagogi, na hau kujera na sauko da hoton don in goge bayansa. Dadash, bangon ya sha ruwa ban sani ba. Kwalin ya yi laushi, fumfuna ta yi baƙi a bayansa, ta shiga ƙarƙashin gilashi ta fara cin kafaɗar Khan-baba. Mai firam na kasuwa ya duba ya ce shi ba zai taɓa ba, in kai Tehran wurin wani tsoho mai ɗinkin littattafai da gyaran tsofaffin takardu, Usta Ni'imat. Na ce kwana biyu ne, na bar Aga-jan a hannun Mahtab, na naɗe hoton a bargo na hau mota.

Usta Ni'imat ɗan siririn tsoho ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, shagonsa kuwa da ƙyar mutum biyu suke zama. Na kwance bargo ina ba shi labarin gwamna da annoba da almakashin Bibi, ina ta zuba kamar yadda muka saba yi wa baƙi. Ya bar ni na gama, ya zuba mini shayi, sannan ya ce in yi haƙuri, amma shi ya san mutumin nan, sau uku yana ratsawa ta hannunsa. Ya ce sunansa Yadullah Khan, mutumin Kirman ne, mai kula da hanyoyi da gadoji, bai taɓa zama gwamnan ko'ina ba. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce masa shekara casa'in hoton nan yana bangonmu, shi da ya gan shi minti biyar ne zai koya mana kakanmu? Bai yi fushi ba. Ya sa wata siririyar wuƙa ya ɗaga kusurwar takardar kaɗan daga kwalin, ya haska mini, sai ga sunan Mirza Lutfullah Khan a baya, kamar yadda Bibi ta faɗa. Na ce to, ka gani. Ya ce ya gani, shi ya sa ma ya tabbata.

Sai ya ɗauko wata yagaggiyar fitowar mujallar ya buɗe a gabana ya nuna mini tsarinta. In ka buɗe, fuskar mutum tana shafin dama, sunansa da tarihinsa suna shafin hagu, suna kallon juna. Ba a rubuta suna a ƙarƙashin hoto, tunda ga shi nan a gefe. Wato takardar da ke ɗauke da tarihin mutum, bayanta fuskar mutum na gaba ce. Bibi ta yanke sunan surukinta ta kawo gida, fuskarsa kuwa ta bar ta can a kundin alƙali tana kallon wurin da aka yanke. Usta ya ce ba mu kaɗai ba ne, ya san gidaje biyu da suke gaida kakan maƙwabta. Allah sarki Bibi. Ta mutu tana ganin babu kyautar da ta taɓa yi wa mijinta kamar wannan.

Da a nan na naɗe bargona na dawo, da ba ka ga wannan wasiƙar ba. Usta ya ce hanya biyu ce. Ko a bar takardar a kan kwalinta, ya busar da ita, ya share fumfunar, ya sa sabon gilashi, za ta ƙara shekara goma ko goma sha biyar, amma rubutun baya ba mai karanta shi har abada. Ko kuma a raba ta da kwalin, wanda sai an jiƙa ta an kwantar da ita a kan fuskarta, kuma gefen fuskar ya riga ya ruɓe, ba ya jin zai tsira. Shekara goma sha biyar fa ya ce, Dadash, ga Aga-jan yana da tamanin da shida. Ko jaki aka yi wa wannan lissafin zai gane. Ni a lokacin ba Aga-jan nake gani ba. Kai nake gani a ƙarƙashin hoton kana ɗaga haɓa, da goggonni suna dariya, zuciyata tana tafasa da wani irin daɗi marar kyau. Na ce ya ɗaga. Ya ce aƙalla in kai wa mai hoto ya ɗauki fuskar tukuna, na ce me zan yi da hoton baƙo. Ya sauke tabaraun goshinsa ya dube ni ya ce, "Khanum, wa yake kallon hoton nan a gidanku?" Na ce masa mu gidanmu gaskiya muke so. Haka na faɗa da bakina, ina gyara mayafi kamar na yi abin kirki.

Kwana uku aikin ya ɗauka. Ina tsaye lokacin da ya ɗaga takardar daga abin da ya shimfiɗa ta a kai, fuskar ta zauna a ƙasa kamar jiƙaƙƙiyar toka. Abin da ya rage, saman doguwar hular, kunne ɗaya, da kafaɗa mai lambar girma. Idanun nan da muka girma suna bin mu duk inda muka zauna a ɗaki, da hancin naka, da gashin bakin, duk sun tafi. Usta ya juya takardar ya miƙo mini rubutun. Layi talatin da ɗaya ne. Ashirin da takwas kirari ne, ginshiƙin daula, inuwar talakawa, da sauransu. Uku ne suka faɗi wani abu: ya gyara rijiyoyin yankinsa, ya buɗe rumbun gwamnati a shekarar yunwa ba tare da ya jira izini ba, kuma mutum ne marar yawan magana. Shi ke nan. Wannan na saya da fuskar da mahaifinka yake gaisarwa.

Na dawo na tarar Mahtab ta yi zuru-zuru. Ta ce tun safiyar farko Aga-jan ya je gaban ƙusa ya tsaya, ya daɗe, sannan ya tambaya cikin ladabi ko Khan-baba ya fita. Ta ce masa ya yi tafiya, yana dawowa. Ya ce to, za a jira shi, ba a cin abinci kafin babba. Yau kwana arba'in ke nan muna jira. Shayi yake sha, shi ma sai na ce masa Khan-baba ne ya aiko a ba shi. Wani lokaci in samu ya karɓi cokali uku na shinkafa da rana, in ya manta yana jira. Na yi masa kyafaffen kifi da wake irin na Maman, ya sunsuna ya ce a ajiye wa Khan-baba. Likita ya zo sau biyu, ya rubuta abin ƙarin ƙarfi, ya ce jiki lafiya yake gwargwadon shekaru, shi ba shi da allurar da ke sa mutum ya so abinci. Ranar Noruz aka yi shimfiɗar tarbar sabuwar shekara, ga madubi, ga ɗanyen tsiro, ga kifi a kwalba, wurin da ake jingina hoton babu komai. Aga-jan ya ja kujerarsa ya juya mana baya, ya fuskanci ƙusa. A wannan halin ka bugo na ce maka da sauƙi.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na zazzage duk hotunan gidan nan. Hoton yana fitowa a bayan mutane a bikin aurena da na suna biyu, amma bai kai farcen ɗan yatsa ba, mai hoto ya ƙara girmansa ya fito kamar tabon shayi. Kiyumars ya kawo wani mai zane, na kwatanta masa, ya zana wani mutum mai kama da ɗan kokawa, Aga-jan ko kallo na biyu bai yi masa ba. Na koma Tehran bayan hutu, Usta ya rufe shagonsa ya bi ni, Allah Ya saka masa, muka zaga masu sayar da tsofaffin takardu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san Yadullah Khan, kowa ya ce ya taɓa riƙe shi, babu mai shi yanzu. Ashe 'yan kasuwa reza suke sawa su yanke hotunan daga kundi su sayar ɗai-ɗai, kuma kyawawa su ne suke fara tafiya, masu gashin baki da lambobi, baƙi na son su don ado. Wani ya ce mini in ina neman wannan, in neme shi a Turai, can duk suka koma.

Daga ƙarshe Usta ya kai ni wani ɗakin karatu da yake da sani, aka fito mana da kundin shekarar. Muka yi ta buɗewa, ga gurbin reza nan da can. Muka iso wurin. Shafin hagu babu, an yanke shi saboda kyakkyawan da ke bayansa. Shafin dama yana nan lafiya lau, ba wanda ya yi sha'awarsa. Dadash, na matsa kusa na duba. Wani ɗan ƙaramin mutum ne a cikin riga da ta yi masa yawa, kunnuwa masu faɗi sun fito ta ƙarƙashin hula, fatar idon hagu ta ɗan sauko, ya haɗa hannu a ciki kamar yana jiran a sallame shi. Aga-jan ne. Ba kama ba, shi ne, har yadda yake karkatar da kai in ana masa magana. Usta ya dubi takardar ya dube ni ya kau da kai. Na ci gardamar shekara arba'in a ɗakin da ba kowa sai ni da tsoho mai tabarau biyu, kuma ban taɓa jin abu marar daɗi kamarta ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka har ma'aikacin ya kawo mini ruwa.

Duk da haka na dawo da sa rai. An bar mu mun ɗauki hotonsa, aka wanke shi daidai girman na da, na sa shi a tsohon firam ɗin, na rataya a ƙusar tun kafin Aga-jan ya idar da salla. Na ce jini ai jini ne, zai ji wani abu. Na ce masa Khan-baba ya dawo. Ka ga yadda fuskarsa ta washe kuwa? Ya gyara hula, ya ƙi in riƙe masa hannu, ya tafi da sauri irin wanda na daɗe ban gani ba. Ya tsaya. Ya matsa kusa har numfashinsa ya taɓa gilashin. Ni da Mahtab da Kiyumars muna bakin ƙofa ba mai motsi. Ya daɗe yana kallon fuskarsa a fuskar kakansa, sannan ya juyo ya rage murya don kada baƙon ya ji, ya ce, "Khanum, wannan tsohon bawan Allah ya yi ɓatan hanya. A ba shi shayi, a nuna masa gidan da yake nema." Ya koma kujerarsa. Da rana ya sa na sauke shi, ya ce bai kamata baƙo ya zauna a wurin babba ba.

To ga ni nan, Dadash. Ina da sunan kakanmu na gaskiya a cikin aljihun tebur, ina da fuskarsa ta gaskiya a bayan kabad tana kallon bango, mahaifina kuma yana ramewa a gaban ƙusa. Zoben aurensa ya fara zamewa, na ɗaura masa zare. Ban san abin da zan yi ba, wallahi ban sani ba. Kiyumars ya ce in daina cin kaina, fumfuna ce ta fara. Fumfuna ba ita ta ce a ɗaga ba. In kana son ka zage ni ka zage ni, na riga ka, kullum sai na yi.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ka zaga shagunan tsofaffin hotuna na garinku da duk inda ƙafarka za ta kai, ka sa abokanka masu darduma su tambaya. Ka ce Yadullah Khan na Kirman, bugun dutse, zaune yake ya ɗan juya dama, hannu ɗaya a kan takobi, lambobi uku a ƙirji. Ban san me ya sa nake kwatanta maka ba, ka duba madubi kawai. Ka nemo mini mutumin nan da ba mu haɗa komai da shi ba, ka turo shi ta hannun matafiyi, kada ka sa a gidan waya. Sai dai ba na ɓoye maka, Usta ya ce irin wannan nema yana iya ɗaukar shekara, likita kuma da na tambaye shi lokaci sai ya hau duba jakarsa.

Na biyun shi ne wanda na daɗe ina juya alƙalami a kansa. Shekaranjiya ina neman abin da zan nuna wa Aga-jan, na ci karo da hotonka na aikin soja, lokacin kana murɗa gashin baki. Na miƙa masa. Duk hotunan da kake aikowa daga can, da askakken baki da tabarau, ko riƙe su ba ya yi. Wannan kuwa ya riƙe shi da hannu biyu, ya kai shi bakin taga, ya daɗe har na zata ya yi barci a tsaye. Ya ce ya yi kama, amma wannan yaro ne. Ranar ya ci rabin faranti. Dadash, shekararka hamsin da takwas yanzu, kuma Usta ya ce mutumin hoton bai wuce haka ba lokacin da aka zana shi. Na san maganar takardu, na san aiki, na san duk abin da ya hana ka zuwa jana'izar Maman, ban taɓa yi maka gori ba kuma ba yau zan fara ba. Amma ka ajiye reza daga ranar da ka karanta wannan. Ka cire tabarau a bakin ƙofa. Akwai tsohuwar doguwar hula a akwatin Bibi, na fito da ita na shanya. Ba zai san kai ɗansa ne ba, kada ka sa rai da wannan, ni da nake wanke masa ƙafa kullum ma bai san ni ba. Ba na ma iya yi maka alkawarin zai karɓe ka. Ka zo ka zauna a ƙarƙashin ƙusar kawai, in ya yi maka sallama ka amsa, ka ce masa ya ci abinci.

Ka gaida Mahbube Khanum da kyau, ka ce mata na gode da zaren saƙa, kuma ta yi haƙuri da ƙayar gashin bakin da za ta gani. Ka sumbaci Nilufar a goshi. Ka ce wa Ardashir ya turo mini hotonsa na kusa, ina so in ga kunnuwansa. Kiyumars yana gaishe ka, Mahtab tana gaida kawunta tana cewa ta share ɗakinka na sama. Goggo Iffat tana tambayarka duk lokacin da na je, ban faɗa mata komai ba, ita da ta fi kowa rantsuwa da hancin nan. Aga-jan ban ce yana gaishe ka ba, don na gaji da yi maka ƙarya. Yana nan a kujerarsa cikin rigar da ka aiko, na naɗe masa hannayenta sau biyu. Ɗazu da na wuce da wannan takardar ya tambaye ni ko wasiƙa nake rubuta wa Khan-baba, na ce e. Ya ce in rubuta cewa ba a taɓa abincin ba, ana jiransa.

Allah Ya tsare, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai faɗin kunne,
Shukufe